Kwalabe Goma Sha Biyu na Baba Evariste

Ranar Litinin da hantsi, kashegarin walimar gama tsinkar inabi, Maryse ta kai wa mahaifinta burodi, ta tarar da ƙofar ɗakin ƙasa a wangale. Ta kira shi sau biyu, shiru. Ta sauka matakala, ƙafarta ta faɗa cikin wani abu mai danƙo. Baba Evariste Bonnefoy yana kwance a rigingine tsakanin gangunan giya biyu, gefen kansa a rotse, wuyan fasasshiyar kwalba a cake a maƙogwaronsa. Jini ya gauraya da jar giya har ba a gane wanne ne wanne. Ihun da ta yi, har a dandalin coci an ji shi.

Kafin jandarmomi, 'yan sandan karkara, su iso daga garin Beaune, rabin ƙauyen Sarcenay ya cika tsakar gidan. Kowa da abin da yake faɗa, amma bakinsu ɗaya a kan cewa ɗan gari ba zai yi wa tsoho mai shekara saba'in da shida irin wannan yankan rago ba. Idanu duk suka koma kan bukkokin gindin tudu, inda baƙin 'yan tsinka suke kwana.

Laftana Dubief, wanda aka ɗora wa binciken, bai san kowa a garin ba, don haka ya aika a kira Solange Merigot. Ita maharba ke nema idan aladen daji ya sha harsashi ya tsere cikin kurmi. Wajen mahaifinta ta gaji aikin, kuma ita da karenta Tambour sun taɓa bin ɗigon jini yini biyu cur har ƙetaren kogi. Mace ce mai ƙarancin magana, ba ta cika yarda da abin da ba ta gani da idonta a ƙasa ba.

A bakin ƙofa ta ci karo da Gaetan Pernoud, mahaucin gari, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na mamacin. Abokin ƙanenta marigayi ne, tun yana yaro Yaya yake ce mata. Hannunsa na dama naɗe yake da tsumma, idanunsa jawur.

"Yaya, ki nemo mana shi kawai," ya ce. "Sauran aikin namu ne."

Ta ce masa ya matsa, yana taka mata ƙasa.

Tambour ya sunsuna matakala, ya ja ta ta bayan gida, suka shiga kunyoyin inabi. Sawun takalmi ɗaya ne, kuma mai shi gudu yake yi, don dunduniyarsa ba ta taɓa ƙasa. Kan Solange yana duƙe, hankalinta duk yana kan sawun, ba ta ankara da cewa maza kusan ashirin suna biye da ita daga nesa ba. Karen ya tsaya a bukka ta uku. A ciki Ilie ne, ɗan ƙasar Romaniya, wanda shekara shida ke nan yana zuwa tsinka a gonar Baba Evariste. Yana cusa kaya cikin jaka. Takalminsa na bakin ƙofa, jini ya bushe a tafinsa, kuma wuyan kwalabe uku sun leƙo daga jakar.

Gaetan ne ya fara. Ya ture jandarma ɗaya tak da ke tare da ita, ya damƙi Ilie a ƙeya, ya gwara fuskarsa da ginshiƙin ƙofa sau uku. Sauran suka rufar masa da turakun gona da ƙafa. Solange ta ji ƙarar haƙarƙari suna karyewa kamar busasshen kara. Ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, turke ya sauka a kafaɗarta, ba ta tashi ba. Sai da Dubief ya iso a guje ya harba bindiga sama kafin suka ja baya. Haƙora huɗu suna zube a ƙasa, idon Ilie na hagu kuwa ya zama tsoka.

*

Ranar Talata aka bar Solange da Dubief suka ga Ilie a asibiti. Da ƙyar maganarsa ke fita. Ya ce ran Lahadi da la'asar ya je sallama da tsohon, ya sauka ɗakin ƙasa, ya taka jinin kafin ya ga gawar. Ya gudu ne don ya san wa za a fara kamawa. Kwalaben kuwa, tsohon ne ya ba shi tun ranar Juma'a, kamar yadda ya saba duk shekara.

Dubief bai yarda ba. Solange ta roƙa a nuna mata kwalaben. Ta juya su a hannunta, ta shafa su da yatsa. Farar giya ce ta bara, jikinsu fes, babu ƙura babu fumfuna. Ta ce wa laftanan irin wannan ba ta kwana ƙasa. Evariste a kantar kicin yake jera ta, don cikin shekara biyu ake shanye ta, in ta wuce haka ta zama lami. Mutumin da ya yi shekara shida a gidan ya san inda giya mai daraja take, ba zai kashe mutum a tsakiyar dukiya ya haura sama ya ɗebi abin da ake ba baƙi kyauta ba.

Dubief ya ce wannan tunani ne, ba shaida ba. Ta ce gaskiyarsa. Kafaɗarta na zogi, amma abin da ya fi damunta shi ne ita ce ta kai mutanen nan ƙofar bukkar.

*

Maryse na zaune a kicin ɗin mahaifinta, ƙanenta Thibaut, wanda ya zo daga Lyon, yana tsaye jikin taga yana busa taba. Solange, da ta zo tare da Dubief, ta ce a faɗa mata yadda tsohon yake tafiyar da ɗakin ƙasarsa, tun daga farko.

Maryse ta yi ta magana, kamar dama jira take a tambaye ta. Ta ce mahaifinsu ya fi sanin kwalabensa a kan 'ya'yansa. Giya mai ruwan hoda ba ya bari ta ga bazara biyu. Farar da ta fito daga gonar saman tudu takan kai shekara goma, wani lokaci sha biyar. Ja kuwa, in shekarar ta yi kyau, sai ta yi ashirin, talatin, tana kwance a kan gefenta cikin duhu da sanyi don kada marfin ɓawon itacen ya bushe iska ta shiga. Ko tafiya da ƙarfi ba ya bari a yi a kan daɓen da ke samanta. Kowane ɗa da aka haifa masa, sai ya kwantar da kwalba goma sha biyu ta shekarar haihuwarsa a gurbi guda, ya rubuta shekarar da alli.

"Ni a saba'in da biyar aka haife ni, shekarar ruwa da ruɓa," ta ce. "Kafin in kai goma tawa ta yi tsami. Har ya mutu yana yi mini gori da ita."

Solange ta tambaya ko tsohon yana sa ran baƙo ran Lahadi, tunda bai je walima ba. Maryse ta kalli ƙanenta, ta sunkuyar da kai. Sai da Dubief ya matsa mata kafin ta ce ranar Alhamis ta ga kwalba ɗaya a tsaye a kan ganga. Tsohuwar jar giya ba a ɗaukar ta daga kwance a buɗe. Sai an tsayar da ita kwana uku lakar cikinta ta kwanta a gindi, kuma mahaifinsu ba ya yin haka sai don wani. Ta ɗauka Thibaut yake jira, domin watan jiya sun yi kaca-kaca a kan sayar da gonar, har Thibaut ya ce ba zai sake taka gidan ba sai ranar jana'iza.

Thibaut ya yar da tabar. Ya ce wa yayarsa ashe kwana biyu tana zaune da shi tana yi masa kallon mai kisan kai. Ya ce ran Lahadi yana kan hanya shi kaɗai a mota, ba shi da mai shaidarsa. Dubief ya rubuta wannan, ya ce masa kada ya bar gari. Kafin azahar labari ya zaga, waɗanda suka daki Ilie jiya suka fara cewa dama su tun farko ɗan nan na birni suke zargi.

*

Solange ta koma ɗakin ƙasa ita kaɗai, ta ɗaure kare a waje. Ta kashe fitilar sama, ta kwanta rub da ciki a daɓe, ta haska tocila a kwance daidai da ƙasa, yadda take yi in tana neman sawu a kan dutse. Takalman jandarmomi sun tattake tsakiyar ɗakin. Amma can gefen bango, inda ƙura ta yi kauri, ta ga wani siririn layi, alamar wani ƙaramin abu ya gangara ya shige ƙarƙashin ganga. Ta zura hannu har kafaɗa ta zaro shi.

Marfin kwalba ne, ya yi baƙi, ya yi laushi kamar tsohon burodi. Marfin da ya tsufa haka, ɗan garaje kaɗan ya marmashe. Wannan kuwa ya fito ɗungurungum, huda ɗaya tak a tsakiyarsa, aikin hannun da ba ya sauri. Tsohon da kansa ya buɗe wa baƙonsa. Ta goge gefensa da babban yatsa, lambar da aka ƙona a jiki ta fito: 78.

Ta bi gurabun bango da tocila. Gurbin Thibaut, na shekarar tamanin da uku, saura kwalba bakwai, saƙar gizo ta rufe su ruf, ba a taɓa su ba bana. A can ƙurya kuwa akwai gurbin saba'in da takwas. Ta ƙirga, goma sha ɗaya, ga kwarmin ta sha biyun sabo fil a cikin ƙura.

Ta hau ta tambayi Maryse gurbin wane ne wannan. Maryse ta ce babu wanda ya sani. Tun suna yara an hana su taɓa shi, mahaifiyarsu ma ta taɓa tambaya, aka yi mako ba a magana a gidan.

Solange ba ta buƙaci duba rajistar haihuwa ba. Yara uku aka haifa a Sarcenay a wannan shekara. Ɗaya mace ce, tana Kanada. Na biyu ƙanenta Remi ne, wanda babur ya kashe yana da shekara ashirin. Ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon katangar da ta raba gidan da na su Gaetan.

*

Inna Berthe, mahaifiyar Gaetan, tana fasa gyaɗar itace a teburin kicin. Hancinta a karkace yake, kunnenta ɗaya ba ya ji, kuma duk garin an san aikin mijinta ne, marigayi Pernoud, ko da yake ba a taɓa faɗa a gabanta ba. Solange ta zauna ta ɓangaren kunnen mai ji, ta ajiye marfin a kan tebur.

Tsohuwar ta kalle shi, hannunta ya tsaya. Ta ajiye gudumar fasa gyaɗar. Daga baya ta yi magana a hankali, ba ta ɗago ba. Ta ce a shekarar Pernoud ya tafi aikin layin dogo wata biyar, da ya dawo ya tarar da ita da ciki, shi kuwa ya iya lissafi. Bai sake ta ba, bai kuma tunkari Evariste ba. A kanta ya huce, da kan yaron, shekara ashirin da biyu. Ranar Alhamis Evariste ya leƙo ta katanga ya ce likita ya ba shi watanni, giyar da ya ajiye wa yaron ma ta kai iyakarta, in ba a sha ta bana ba ta mutu. Ya ce zai faɗa wa yaron gaskiya. Ta roƙe shi ya bari a binne su da maganar.

Solange ta tambaya ina Gaetan yake ran Lahadi da tsakar rana.

"Yana gashin nama a wajen walima, 'yar nan. Kowa ya gan shi."

"Na gan shi, Inna. Na kuma ga lokacin da ya ce zai ɗebo itace. Sai da naman ya ƙone kafin ya dawo, da wata rigar daban."

Inna Berthe ta ɗauki guduma ta ci gaba da fasa gyaɗarta. Ta buga sau uku ba ta sami ko ɗaya ba.

*

Ranar Laraba da la'asar Dubief ya tara su a kicin ɗin mamacin: Maryse da Thibaut, da magajin gari, da Gaetan wanda aka ɗauko daga shagonsa da rigar aiki a jikinsa. Inna Berthe ba a kira ta ba, amma ta zo ta zauna bakin ƙofa. Tambour yana kwance a ƙafar Solange.

Solange ba ta ja magana ba. Ta ce Ilie ya taka jini ne bayan an gama komai. Ta ce kwalbar da aka yi kisan da ita an tsayar da ita ne tun Alhamis saboda baƙo, kuma ba ta Thibaut ba ce. Ta ajiye marfin a tsakiyar tebur, ta faɗi shekarar, ta faɗi sunayen yara ukun. Maryse ta kalli Gaetan, ta kalli hoton mahaifinta yana saurayi a bango, ta rufe bakinta da hannu.

Gaetan ya yi dariya, ya ce ashe yanzu da marfin kwalba ake rataye mutum. Solange ta ce ya kwance hannunsa. Ya ce haƙoran ɗan Romaniyan nan ne suka yanke shi.

"Kafin ka taɓa shi hannunka a naɗe yake, Gaetan. A bakin ƙofar nan ka ce mini Yaya da shi."

Bai bari ta rufe baki ba. Ya kifar da teburin a kan Dubief, ya zaro wuƙar fiɗa daga aljihun rigarsa, ya kai mata sara. Ta kare da hannu, wuƙar ta tsarga ta daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Tambour ya daka tsalle ya kama shi a cinya. Gaetan ya soka wa karen wuƙa a haƙarƙari, ya zare, ya sake sokawa, karen bai saki ba sai da ƙafafunsa suka mutu. Thibaut ya rarumi kujera, Gaetan ya juyo kansa, wuƙa a sama, jini na bin gwiwar hannunsa. Dubief yana ƙarƙashin tebur yana laluben bindiga.

Inna Berthe ta taso ta shiga tsakani, kanta ko ƙirjinsa bai kai ba.

"Ajiye," ta ce. "Haka Pernoud yake tsayawa a kaina."

Ya kalle ta. Ya saki wuƙar ta faɗi. Ya zame jikin bango ya zauna a cikin jinin karen. Tsumman ya warware, ga tafin hannun a dare gida biyu, yankan gilashi.

Ba wanda ya tambaye shi, shi ya yi magana da kansa.

"Ya zuba mini a kofi, ya ce shekara talatin da takwas yake ajiye mini ita, wai ni ɗansa ne. Na ce, Baba Evariste, lokacin da ake dukanta kana ji ta katanga? Ya ce yana ji. Na ce ranar da aka karya mini hannu ina ɗan shekara bakwai fa? Ya ce ya ji. Sai ya ce in fara sha tukuna mu yi maganar daga baya, wai tsohuwar giya ba ta jimre iska."

Da aka sa masa ankwa Solange ta tambaye shi Ilie fa, me ya yi masa. Ya kau da kai, aka fita da shi.

*

Ɗinki ashirin da shida aka yi mata. Ta binne Tambour a bayan gidanta da hannu ɗaya, ta ƙi yarda kowa ya taya ta haƙa. Likitoci ba su iya ceto idon Ilie ba. Ranar da aka sallame shi ta je asibiti ta ba shi haƙuri. Ya saurare ta har ta gama, ya gyaɗa kai, bai ba ta hannu ba.

Daga can ta wuce ofishin Dubief ta ce a ba ta takarda. Ta rubuta sunan duk wanda ta gani a ƙofar bukka, da abin da yake riƙe, da inda ya daka. Mutum goma sha bakwai, har da ɗan magajin gari da shugaban ƙungiyar maharba. Magajin gari ya zo gidanta ya ce ta tuna a garin nan za a binne ta. Ta ce ta tuna. A kotu ta maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya, suna zaune suna kallonta.

Aka daina gaishe ta a gidan burodi. Lokacin farauta ya zo, ba wanda ya kira ta, ko da yake kowa ya san ta samo sabuwar kwikwiya tana horarwa. Sai a watan Janairu, ranar wata Asabar da safe, wayarta ta yi ƙara. Shugaban maharba ne, wanda shaidarta ta jawo masa ɗaurin talala da ƙwace bindiga. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce wani ƙaton alade ya sha harsashi a ciki, ya farke cinyar surukinsa, ya shige kurmin da ke bayan makaranta, kuma jibi yara za su koma aji.

Solange ta bar shi ya gama. Ta ce ya kori kowa daga wajen, kada ta ga mutum ko ɗaya a bayanta. Sannan ta tambaye shi a ina jinin ya fara, ta janyo takalminta.